Tsakanin Kayan Biki da Kayan Ɗaka: Me Macen Sabo Za Ta Sa Ta Fita?

Masu sauraronmu na Badun, na cikin Sabo da Mokola, da na Ojoo da Sasa da Bodija, da duk inda muryar nan take kaiwa, barkanmu da war haka. Iyayenmu mata, ina gaisuwa. Yayye da ƙanne, a matso kusa da rediyo, yau zancen namu ne. Iyayenmu maza kuma don Allah kada a murɗa tasha, akwai rabonku a gaba, tunda daga aljihunku ake yanko turmin.

Zancen sutura zan yi, amma ba ta biki ba. Ta biki ba ma bukatar malami, kowa ya san matan Sabo in suka fito ranar ɗaurin aure sai an tsaya an duba. Wadda nake nufi ita ce ta ranar Talata da hantsi, ranar da ba kiɗa ba anko, za ki kai yaro asibitin UCH, ko ki shiga banki a Dugbe, ko ki leƙa Bodija cefane.

Buɗe akwatin mace a unguwar nan, galibi kaya iri biyu za ki tarar. Akwai na ƙasan akwati, a ninke, suna ƙamshin turaren wuta: sufa, leshi, shadda, suna jiran suna ko Sallah. Akwai kuma na ɗaka: koɗaɗɗen zani, da rigar da manja ya riga ya buga wa hatimi. To in fita ta kama fa? Ɗayan biyu ake yi. Ko dai a zumbula hijabi har ƙasa a kan kayan ɗakan nan, ana addu'ar kada wani dalili ya sa a cire shi, ko kuma a ciro leshin biki a je sayen tattasai da shi. Na tsakiya, kayan da za ki sa ki sake, ki rufu, ki yi kyau ba tare da kin yi kamar uwar amarya ba, su ne ba mu da su.

Kuma ba rashin iya ado ya jawo haka ba, gado ne. An kafa Sabo a 1916, lokacin da aka ware wa Hausawa wannan fili, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Ikko, fataucin goro da shanu ya buɗe. Maza su ne a waje, a tasha da kara da gidajen fatake. Matan aure suna kulle. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafinsa a kanmu a 1969, ya bayyana yadda kakanninmu mata suke juya kuɗi daga cikin ɗaka, suna dafa abinci yara suna kai musu talla, ribar kuma ana zuba ta a kwanukan jere. Macen da rayuwarta take haka, me za ta yi da kayan fitar rana? In za ta unguwa sai bayan magariba, ta yafa zani ta lulluɓe, yaro yana gaba. Kaya iri biyu sun ishe ta, na aiki da na taro.

Yau jikar wannan baiwar Allah tana karatu a Jami'ar Badun ko a Poli, tana koyarwa a Islamiyya, tana da shago, tana saro kaya a Gbagi ta sayar ta waya. Ƙafa ta fita, akwatin bai biyo ta ba. Kiɗa ya sauya, mu kuwa muna nan da tsohon taku.

Kada wata ta ce na raina hijabi, Allah Ya kiyaye. A garin nan mun ga yadda maƙwabtanmu Yarbawa Musulmi suka tsaya a kansa, tun rigimar da ta tashi a 2018 a makarantar sakandaren da ke cikin Jami'ar Badun, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata a makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa shi. Abin da aka sha wuya a kansa haka bai kamata ya zama marufin kasala ba. Batun ko hijabi ko mayafi kuwa, wannan na malamai ne, ba ni da bakin shiga. Iyayenmu da mayafi da gyale suka tashi. Hijabin da muka sani ya yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1970, da yawaitar zuwa Hajji, da makarantun Islamiyya, da wa'azin Izala wadda aka kafa a Jos a 1978. A Sabo, unguwar da ta riƙe Tijjaniyya tun farkon shekarun 1950, kowanne akwai masu sa shi, kuma a tabarma ɗaya ake zaman makoki. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne: kada ya zama shara-shara, kada ya ɗame jiki. A cikin wannan iyaka fili yana da faɗi ƙwarai.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe. Yawancin yayin da muke ɗauka daga Kano yake zuwa, ko daga Dubai ta hanyar Kantin Kwari, ko daga abin da muke gani a TikTok da Instagram. Ba laifi. Amma Badun ba Kano ba ce. Daminar Kano wata huɗu ce ko kusa da haka, sauran shekara iska a bushe take, in kika yi zufa nan take ta sha iska ta tafi. A nan ruwa yakan fara tun wajen Maris, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ta wuce, kuma ko ba a ruwan iskar kanta a jiƙe take. Jiki yana sanyaya kansa ne in zufa ta bushe a kan fata. To iskar da ta riga ta ƙoshi da laima ba ta karɓar zufarki da sauri, sai ta zauna miki a jiki. Ki ɗora yadin roba a kan wannan, kin zama alalar da aka ƙulle a leda aka jefa a tukunya.

Baƙar abayar nan mai santsi da muke rububi, wadda 'yan kasuwa suke kira Nida, yawancinta zaren roba ne, daga man fetur ake yin sa. Kyau kam tana da shi, ba ta yamutsewa, tana zuba a jiki. Amma wadda kika ga tana juyi da ita a waya, daga ɗaki mai na'urar sanyi ta fito, ta shiga mota mai na'urar sanyi. Ke kuwa tasin Micra za ki shiga a Mokola, ku biyu a kujerar gaba, ƙarfen giya yana zungurar gwiwarki, ga cunkoso. Kafin ki kai Dugbe rigar cikin ta manne da baya. Daga nan ƙurajen zafi suke samo asali, da ƙaiƙayi a matsematsi, da warin da ake ta bi da humra ana ɗora wa ciwo ƙamshi.

Saboda haka in za ki haɗa kaya, fara daga ciki, daga abin da yake taɓa fata, wanda ba mai ganinsa. Shi ne muke yi wa rowa, alhali shi ne mai aikin. Shimi da fatari da hular kai su zama na auduga. Auduga tana shan zufa, tana barin iska ta ratsa. Yaya za ki gane ta, tunda kowane mai shago rantsuwa zai yi miki? In kin dawo gida, zaro 'yan zare daga bakin yadin, ki riƙe da ɗan ƙarfe, ki kusanta su da ashana a wajen ɗaki. Auduga za ta kama ta ci da sauri, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Roba kuwa tun kafin wutar ta taɓa ta za ta takure, ta narke, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, da warin leda. Duba ɗan ƙwallon nan da kyau, sannan ki tuna sau nawa kika sunkuya a kan gas ko risho da hijabin roba a jikinki. Irin wannan yadi in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne da fata. Mai suyar ƙosai da mai tuyar awara, ku ji wannan.

Hular kai ma a kula. Gashin da aka wanke bai gama bushewa ba, aka tura shi cikin hular roba, aka ɗora ɗankwali, aka ɗora hijabi, a cikin daminar Badun, ba abin da zai haifar sai tsami da ƙaiƙayi.

Bayan na ciki sai na tsakiya, wato rigar kanta. A nan ne nake da ƙorafi a kan teloli, maza da mata. Malam tela, Allah Ya ba da kasuwa, amma me ya sa in an kawo maka atamfa mai kyau ta auduga sai ka yi mata shafi da tafeta mai sheƙi daga wuya har ƙasa? Atamfar tana numfashi, shafin ya toshe mata hanci. In dole sai an yi shafi, a sa na auduga, ko a tsaya a ƙirji kawai. Ga kuma gam da ake mannawa don ɗinki ya miƙe ƙiƙam. A bar wa kayan biki wannan. Rigar fita ta yau da kullum tana son abu huɗu da ba a ganinsu a hoto: hannu mai sakewa da zai naɗu har gwiwar hannu in za a yi alwala a masallacin kasuwa, ba sai an shiga kokawa ba, zif ko maɓalli a gaba ga mai shayarwa, aljihu mai zurfi a gefe, wanda waya za ta shige ta ɓace, da faɗin ƙasa da zai bar ƙafa ta tsallake kwata. Siket ɗin nan mai matse gwiwa ya buɗe a ƙasa, wanda sai an ɗaga shi da hannu biyu kafin a hau keke, ba na garin tuddai ba ne. Badun hawa da gangara ce.

Doguwar riga sakakkiya ita ce mafi sauƙi. Bayanta sai riga mai kaiwa gwiwa ko ƙasa da haka, da wando mai faɗin ƙafa wanda 'yan mata suke kira falazo, ko siket mai tattara. Iyayenmu kuwa da buba da zani, ku yi zamanku, ba a kai ga gano abin da ya fi shi shan iska ba. Yarbawa ma da suka riƙe buba da iro ba wauta suka yi ba, sun san garinsu.

Sai na uku, na waje: mayafi, ko hijabi, ko buɗaɗɗiyar abaya, ko doguwar rigar nan mai buɗaɗɗen gaba da ake kira kimono. Wannan shi ne yake ɗaure kwalliyar. Kuma a ganina uku ɗin nan sun isa. In kika ji kina bukatar na huɗu don ki rufu, to ɗaya daga cikin ukun ne bai yi aikinsa ba, ko ya cika shara-shara, ko ya cika matsewa. Gyara shi za a yi, ba ƙari ba. Akwai masu sa matsattsen wando, su ɗora siket, su ɗora riga, su ɗora abaya, su ɗora mayafi mai kama da gidan sauro, a ƙarshe ga zafi ga rashin rufuwa. Yadi ɗaya mai kauri daidai ya fi uku marasa kirki.

Ta fuskar launi, shawarata ɗaya ce: a jiki ɗaya, mutum ɗaya zai yi magana. In atamfarki mai manyan furanni ce, mayafi ya yi shiru, ya zama launi ɗaya. Kuma kada ki ɗauki launin da ya fi yawa a atamfar. Shimfiɗa ta a kan gado, ki nemo launin da ya fi ƙaranci, wataƙila ɗan ruwan goro da aka zagaye ganye da shi, ko ɗan ruwan toka a tsakiyar fure. Wannan shi ne launin mayafinki. Da kin yafa za ki ga atamfar ta farka. In kuma rigar cikin ce mai launi ɗaya, baƙa ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, to na waje shi zai yi zance. Da irin wannan riga guda biyu da na ɗorawa guda uku, mace za ta yi mako tana fita ba wanda zai ce maimaici take yi. Tsohuwar al'adar nan ta sai jaka da takalmi da mayafi da ɗan kunne sun zama launi ɗaya tak, ni dai na gaji da ita, amma wannan ra'ayina ne, Hajiya in kina so ki ci gaba.

Ga wani arziki da yake gabanmu muna tsallake shi: adire da kamfala. Muna zaune a ƙasar masu rini. Abeokuta tana nan kusa, kasuwar Itoku cike take da su, Badun kanta tsohuwar cibiyar adire ce. Sai mu riƙa cewa ai kayan Yarbawa ne. Yaushe rini ya zama baƙo ga Bahaushe, mu da muke da karofin Ƙofar Mata? Ai tsakaninmu da masaƙan ƙasar nan tsohuwar hulɗa ce. Jan alharinin da suke saƙa tufafinsu na alfarma da shi a da, ta hamada yake ratsowa zuwa Kano, fatakenmu su gangaro da shi kudu. Yadi biyu da rabi ko uku na adiren auduga, a yanka shi buɗaɗɗen gaba, a bar shi ya sauka har ƙwauri, a ɗora a kan baƙar doguwar riga, a yafa mayafi mai launi ɗaya: kin rufu, kin sha iska, kuma ba ki yi kama da kowa ba. A kula dai, an cika kasuwa da na bugun inji daga Sin, mai kama da shi a ido amma roba ne. Juya bayan yadin: na gaskiya rinin ya ratsa ciki da waje. Aso-oke kuwa, saƙin Yarbawa na kasuwar Oje, ya yi nauyi a yi riga da shi don yawon rana, amma ƙyalle ɗaya a bakin hannu ko a jikin jaka yana ɗaga kaya.

Tsawo kuma, a nan ba zancen ado kaɗai ba ne, zancen rai ne. Hijabi ko abayar da take jan ƙasa, in aka hau okada, bakin yakan shige cikin taya ko sarƙa, ya fizgo mace ta baya. Ba sabon labari ba ne a garuruwanmu. Kafin mai babur ya tashi, tattaro bakin kayanki gaba ɗaya ki danne a kan cinya. Kuma tun a wajen tela, a tsayar da tsawon a idon sawu. Wadda take son rufe ƙafa ga safa. Abin da yake sharar ruwan kwata daga bakin titi har ƙofar gida, da shi kuma za a tsaya sallar la'asar, a duba wannan.

Masu goyo, ku ma ga taku. Yaro yana baya, an ɗaure shi da zani, an ƙara majanyi, sannan an saki hijabin roba a kansa da tsakar rana a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da zafin garin nan ya fi tsanani. Ke da kike waje kina neman iska, ina ga shi da yake ciki? In da hali a fito da kansa, ko a nemi hijabi mai sauƙin yadi, ko a yafa mayafin auduga.

Sanyi ma muna da namu, ko da bai kai na Jos ba. Yuli da Agusta gari yakan yi lumshi, da asuba sai an nemi abin ɗorawa, haka ma 'yan makonnin hunturu a Disamba da Janairu. A nan 'yan gwanjo suke da rana. Doguwar shat ta auduga, ko 'yar rigar sanyi mai buɗaɗɗen gaba, a ɗora a kan doguwar riga a ƙarƙashin mayafi, in rana ta ɗaga a cire a tura a jaka. Ba abin kunya ba ne. A wanke da kyau, a shanya a rana, a goge.

Yanzu iyayenmu maza, ga rabonku da na yi alkawari. In za a haɗa lefe ko kayan Sallah, ido yana kan abin da dangi za su ɗaga su ce ma sha Allah: sufa turmi kaza, leshi kaza, shadda kaza. Madalla, Allah Ya ƙara buɗi. Amma kayan nan sau nawa za a sa su a shekara? Kuɗin leshi ɗaya mai tsada zai yi wa uwargida kayan fita kala biyu ko uku da mayafansu. Alhaji, in ka ga Hajiya tana fita kullum da hijabi ɗaya, kada ka ce ai ba ta son ado. Tambaye ta abin da yake ƙarƙashinsa. Mu ma mata da namu: anko ya cinye mu. Kowane wata sai an fitar da sabo, a ɗinka shi ɗinkin rana ɗaya, da duwatsu da fuka-fukai, gobe ba ya sawuwa ko zuwa bakin titi. Turmi yadi 6 ne. Ki ce wa tela ya fitar miki da doguwar riga sakakkiya da ɗankwali, ki je bikin da ita, ki ƙara sarƙa da ɗaurin da kike so, bayan biki ta koma cikin kayan fita. Amarya ba za ta yi fushi ba, ba ta ma gan ki ba a cikin taron.

Abu na ƙarshe, adana. A daminar garin nan kaya suna yin fumfuna a cikin akwati ko ba ruwan da ya taɓa su, musamman baƙaƙe da takalman fata. Kada ki ninke abin da kika cire yanzu da zufa a jiki, rataye shi ya sha iska tukuna. Abin da aka shanya a ɗaki bai bushe sarai ba, a bi shi da dutsen guga kafin a ajiye. A ɗaga akwati daga kan siminti, a janye shi daga jikin bango. Duk ranar da rana ta fito sosai, a fito da na ƙasan akwatin su ma su gan ta. Adire kuma a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, don yana zuba a wankin farko, kada ya rina miki farin mayafi.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga shagon tela mu ji nasu ƙorafin a kanmu, don na san suna da shi, musamman kan masu kawo ɗinki ana jibi Sallah.